Masu shirin komawa Delhi da zama: abin da sabuwar dokar Indiya ta canza, da abin da ejan ba zai faɗa maka ba

Tun ranar 1 ga Satumba, 2025, sabuwar dokar shige da fice da kula da baƙi ta fara aiki a Indiya. Labarin bai yi wata ƙara ba a nan gida, amma ya shafi mutanenmu kai tsaye, domin a 'yan shekarun nan sunan Delhi ya shigo cikin hirar majalisu daga Agege da Idi-Araba har Sabo ta Ibadan da Fatakwal. Wani zai kai mahaifiyarsa dashen ƙoda. Wani ɗansa ya samu gurbin karatu a Greater Noida. Wani kuma ejan ya ce masa akwai aiki, ya kawo kuɗi kawai. Duk waɗannan mutane za su sauka ne a ƙarƙashin wannan doka, kuma da yawansu ba su taɓa jin labarinta ba.

Dokar ta haɗe tsofaffin dokoki huɗu wuri guda, uku daga cikinsu tun na zamanin Turawan mulkin mallaka ne, na 1920 da 1939 da 1946. Wanda ya shiga ƙasar ba tare da ingantaccen fasfo ko biza ba zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai rupi 500,000. Wanda aka kama da takardun bogi, ɗaurinsa daga shekara 2 ne zuwa 7. Wanda kuma bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama, ko ya saɓa wa sharaɗin bizar, zai iya shan shekara 3 da tarar rupi 300,000, wato kusan naira miliyan 5 a canjin 'yan watannin ƙarshen 2025. Sannan dokar ta ɗora wa otal-otal da jami'o'i da asibitoci nauyin sanar da hukuma duk wani baƙo da ke hannunsu. Ma'ana dai, maganar a shiga a ɓace cikin jama'a ta ƙara wuya ƙwarai.

Me ya sa hankali ya koma can?

Dalili na farko aljihu ne. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura 1,500. Iyalin da a da za su iya kukkuɓewa su tura yaro Ingila, yanzu ko kuɗin zango ɗaya ya fi ƙarfinsu. Indiya kuwa kuɗin makarantarta da na asibitinta da na abinci duk suna ƙasa sosai da na Turai, kuma da Turanci ake karatun jami'a.

Dalili na biyu, ƙofofin yamma sai ƙara rufewa suke yi. A Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyalansu. A wannan watan ne Kanada ta ƙayyade yawan ɗaliban da za ta karɓa. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya zuwa ta wata uku, shiga ɗaya. Ruwa idan aka tare shi ta nan, ai sai ya nemi wata hanya.

Dalili na uku tsohuwar sabo ce. Indiya ta buɗe ofishinta a Legas tun 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. Hafsoshinta ne suka taimaka aka kafa makarantar horar da sojoji ta Kaduna a 1964, marigayi Buhari ma ya yi kwas a Indiya a 1973. Dattawanmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 suna tuna malaman lissafi da kimiyya Indiyawa. Babur ɗin Bajaj da 'yan acaɓa ke hawa, da Keke Napep, da kaso mai yawa na magungunan da ke kasuwar Idumota, duk daga can suke. Ga finafinai kuma, waɗanda suka sa Bahaushe yake jin kamar ya san ƙasar tun yana yaro. A 2023 gwamnatin Kano ta tura ɗaruruwan ɗalibai karatun digiri na biyu, akasarinsu Indiya, abin da ya ƙara wa iyaye ƙwarin gwiwa.

A matakin gwamnati ma zumunci sai ƙaruwa yake. Shugaba Tinubu ya halarci taron G20 a Delhi a Satumban 2023, inda aka karɓi Tarayyar Afirka a matsayin cikakkiyar mamba. A Nuwamban 2024 Firaminista Narendra Modi ya zo Abuja, aka ba shi lambar girmamawa ta GCON. Gwamnatin Indiya ta ce 'yan ƙasarta kusan 60,000 ne ke zaune a Najeriya, kuma kamfanoninta sama da 200 ke aiki a nan.

Sai dai akwai wani lissafi da ba a karanta shi a wajen liyafa. Rahoton ma'aikatar cikin gida ta Indiya ya nuna cewa tsakanin Afrilun 2023 da Maris ɗin 2024 an tasa ƙeyar baƙi 2,331 zuwa ƙasashensu, kuma 1,470 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Wato a cikin kowane mutum goma da aka kora, shida namu ne. Duk wanda zai miƙa koren fasfo a filin jirgin Indira Gandhi ya sani cewa jami'in da ke gabansa ya san wannan lissafin.

Wane irin gari ne Delhi?

Mutumin Legas yana jin ya gama ganin cunkoso, to Delhi da kewayenta sun haura mutum miliyan 30. Gari ne da aka gina shi aka rushe aka sake ginawa sau da dama. Hasumiyar Qutub Minar ta haura shekara 800. Sarki Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, shi ya kafa abin da yanzu ake kira Tsohuwar Delhi, ya kammala Jan Ganuwa a 1648, babban masallacin Juma'a kuma a 1656. Turawan Ingila sun sanar da ɗauke hedikwata daga Kalkata zuwa Delhi a 1911, suka buɗe Sabuwar Delhi a 1931. A can ne ofisoshin jakadanci suke, har da na Najeriya, a unguwar Chanakyapuri mai faɗin tituna da itatuwa.

Baƙon da ofishin jakadanci ko babban kamfani ya ɗauko, a irin waɗannan unguwanni yake zama, da mota da direba da makarantar yara. Mafi yawan 'yan Afirka kuwa suna can unguwannin talakawa masu matsattsun lunguna kamar Uttam Nagar da Mohan Garden a yamma, Khirki da Chhatarpur a kudu, ko kuma Greater Noida da ke jihar Uttar Pradesh, inda jami'o'i masu zaman kansu suka yi yawa. Delhi biyu ce, kuma hoton ta farko ejan yake nuna wa wanda zai zauna a ta biyu.

A yi wa garin adalci, akwai abubuwan da ya sha gaban Legas nesa ba kusa ba. Jirgin ƙasa na cikin gari, Metro, da aka buɗe a 2002, yana kai mutum kusan ko'ina da ɗan kuɗi kaɗan, da sanyin na'ura, da taragon mata zalla. Wutar lantarki tana tsayawa. Data tana da arha. Manyan asibitoci irin su Apollo da Max da Fortis da Medanta suna da ƙwararru da kayan aikin da ke sa mutane tasowa daga ƙasashe da dama. Har mai sayar da shayi a bakin titi da waya ake biyansa, kodayake sai baƙo ya samu lambar waya da asusun bankin ƙasar kafin ya more wannan sosai.

Iskar garin kuwa, a nan ake yin ta. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu hayaƙin karan shinkafa da manoman Punjab da Haryana ke ƙonawa yana haɗuwa da na motoci da masana'antu da wasan wuta na bikin Diwali, sanyi kuma ya danne shi a kan gari. Ranar 18 ga Nuwamba, 2024, ma'aunin gurɓatar iska na gwamnati ya kai 494 cikin 500, an rufe makarantu, an dakatar da gine-gine. Kada wani ya ce ai mun saba da hazon hunturu. Namu ƙura ce, wannan hayaƙi ne mai shiga can cikin huhu. Wanda zai kai mai ciwon asma ko zuciya, ko tsoho, ko jariri, ya tambayi likita tukuna ko aikin zai iya jira ya wuce waɗannan watanni. Zafi ma ba wasa ba ne, a Mayun 2024 ya kusan kai maki 50 a wasu unguwanni, a Janairu kuma sanyi kan sauko ƙasa da maki 5, alhali yawancin gidajen haya ba a gina su don sanyi ba.

Biza: kowace da igiyarta

A nan ne yawancin mutanenmu ke faɗawa rami. Indiya ba ta da bizar "in je in ga abin da Allah zai yi". Kowace biza da abin da aka yarda ka yi da ita.

Bizar aiki ta ƙwararru ce, kuma a ƙa'ida sai albashin ya kai wani babban adadi da aka ƙayyade a shekara, in ban da wasu 'yan sana'o'i kaɗan da aka ware. Ƙasa ce mai mutum sama da biliyan 1.4, matasanta da digiri suna layin neman aikin masinja. Babu gurbin gadi ko acaɓa ko dako ko yankan farce da ke jiran baƙo. Duk ejan da ya ce maka zai sama maka irin wannan aiki a Delhi, wallahi kuɗinka yake so.

Bizar karatu ba ta ba da damar yin aiki. Ɗalibin da ke tunanin zai riƙa ɗan buga-buga yana biyan kuɗin makaranta kamar yadda ake yi a Ingila, ya sake lissafi. Kuma bizar tana ɗaure ne da makarantar da ta ɗauke shi. Idan kuɗi ya yanke daga gida, makaranta ta ƙi ba da takardar shaidar cewa yana karatu, ba za a sabunta bizar ba. Yawancin labaran "biza ta ƙare" daga nan suke farawa, daga yaron kirki da canjin dala ya karya mahaifinsa.

Bizar jinya tana tafiya da ta masu rakiya, mutum biyu a ƙa'ida. Masu zuwa dashen ƙoda su sani cewa dokar Indiya ta 1994 ta haramta saye da sayar da sassan jiki. Baƙo da nasa mai bayarwa yake zuwa, a kawo hujjar dangantaka, ofishin jakadanci ya tabbatar, kwamiti ya zauna ya amince. Wanda ya ce zai samo maka ƙoda a can, gidan yari yake nuna maka. Sannan kuɗin da asibiti ya rubuto a takarda na aikin ne kawai. Hayan ɗaki na wata biyu ko uku, abinci, magungunan bayan aiki, da abin da ka iya tasowa, duk suna wuyan iyali.

Duk wanda bizarsa ta wuce kwana 180, irin ta karatu ko aiki ko jinya, dole ya yi rajista da ofishin rajistar baƙi, FRRO, cikin kwana 14 da saukarsa. Ta intanet ake yi yanzu. Mai gidan haya ko otal shi ma dole ya cika takardar sanar da hukuma cewa baƙo ya sauka a wurinsa. Mai gidan da ya ce a bar wannan magana, ba taimakonka yake yi ba, domin ranar sabunta biza za a nemi takardar. Katin rigakafin shawara kuma, wato katin nan ruwan ɗorawa, wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana shida.

Idan biza ta ƙare, mutum ba zai sayi tikiti kawai ya tafi filin jirgi ba. Sai ya nemi izinin fita, ya biya tara. Wanda ya ji tsoro ya ɓuya, tarar tana ƙaruwa, mai gida ya samu abin riƙe shi da shi, ɗan sanda ma haka. Ƙarshenta sansanin tsare baƙi na Lampur da ke arewacin Delhi, inda mutum kan zauna har sai an samo kuɗin tikitinsa. Tun bayan harin Pahalgam na Afrilun 2025 da faɗan kwana huɗu da Pakistan da ya biyo baya, da kuma fashewar mota kusa da Jan Ganuwa a Nuwamban 2025, binciken takardu ya ƙara tsanani a birnin.

Baƙar fata, kuma Musulmi

Wannan ɓangaren ba sai an yi wa mazaunin kudu dogon bayani ba. Mun san yadda ake yi idan mutum ɗaya ya yi laifi aka ce "Hausawa ne". Mun ga Shasha a 2021, mun ga Uromi a 2025. To a Delhi, "Nigerian" ita ce kalmar da ake jifan kowane baƙar fata da ita, ko daga Kongo ya fito ko Yuganda, kuma a kunnen mutane da yawa tana tafiya ne tare da maganar ƙwaya.

A Janairun 2014 wani ministan gwamnatin Delhi, Somnath Bharti, ya jagoranci samame cikin dare a kan matan Afirka a Khirki. A Mayun 2016 aka kashe wani matashi malami ɗan Kongo a kudancin birnin kan gardamar hawa Keke. A Maris ɗin 2017 gungun mutane suka far wa ɗaliban Najeriya a wani katafaren kanti a Greater Noida, bayan rasuwar wani yaro ɗan unguwa da aka ɗora wa 'yan Afirka alhakinta ba tare da hujja ba. Jakadun Afirka a lokacin sun fito fili sun kira abin wariyar launin fata. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Abin da ke faruwa kullum shi ne kallo, da mai gidan da zai ce ɗaki ya kama da zarar ya gan ka, ko ya ƙara maka kuɗin haya.

Gaskiya ɗaya kuma, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai 'yan Najeriya da ke harkar ƙwaya da damfara a can, kuma su suka ɓata wa dubban ɗalibai da marasa lafiya suna. Dokar ƙwaya ta Indiya ta 1985 ba ta da wasa, kaya mai yawa ɗaurinsa daga shekara 10 ne zuwa 20, beli kuma da ƙyar. Al'adarmu ta karɓar saƙo, "don Allah ga ɗan kaya ka miƙa wa wane", a ajiye ta a Legas. Kada ka ɗauki abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka ara wa kowa asusun bankinka ko layin wayarka.

Ta fuskar addini, Musulmi sun kai kusan kashi 13 cikin 100 na mutanen Delhi. Masallatai suna nan birjik a Tsohuwar Delhi da Nizamuddin da Okhla, akwai jami'ar Jamia Millia Islamia, naman halal ba ya wuya a waɗannan wurare, azumi a can kuma abin kallo ne. Amma siyasar ƙasar ta yi zafi a kan addini. A Fabrairun 2020 rikici a arewa maso gabashin Delhi ya ci rai 53, akasarinsu Musulmi. A cikin shekarar 2020 ɗin kuma aka gurfanar da ɗaruruwan baƙi 'yan Tablig da suka halarci taro a Nizamuddin, har da zargin saɓa wa sharaɗin biza, kodayake kotuna sun sallami da yawansu daga baya. Darasin shi ne wa'azi ko shiga zanga-zanga da bizar yawon buɗe ido ko ta karatu na iya jawo kora. Sai maganar saniya. Yanka ta haramun ne a dokar Delhi, kuma a 2015 an kashe wani Musulmi a Dadri, kusa da birnin, kan jita-jitar yana da naman sa a gida. Naman ɓauna da na akuya da kaza ake ci. Kilishin da aka saba yi wa matafiyi guzuri, a wannan tafiyar a haƙura da shi.

Abin da ya rage wa gwamnati, da abin da ya rage mana

Cinikin da ke tsakanin ƙasashen biyu ya faɗo daga kusan dala biliyan 15 a 2021 zuwa 2022, ya koma ƙasa da biliyan 8 a 2023 zuwa 2024, musamman saboda Indiya ta koma sayen man Rasha mai rahusa. Wannan ya rage wa Najeriya ƙarfin murya a teburin ciniki. Duk da haka tana da abin riƙewa, domin kamfanonin Indiya suna cin kasuwa sosai a nan, asibitoci da jami'o'in Indiya kuma suna son kuɗin 'yan Najeriya. Ya kamata Abuja ta nemi a buɗe wa waɗanda bizarsu ta ƙare wani wa'adi na fita ba tare da ɗauri ba, ta bambanta ɗalibin da kuɗi ya yanke masa da dillalin ƙwaya. Jihohin da ke tura ɗalibai su biya kuɗin makaranta a kan lokaci, domin jinkirin wata uku a ofishin akanta a nan yana iya mayar da yaro mai laifi a can. A kuma sa ido a kan ejan-ejan da ke cin kamasho daga asibitoci da makarantu ba tare da kowa ya san su ba.

Mu kuma a zango muna da abin da za mu iya. Kakanninmu da suka zo Sabo da Agege ba su zo haka kawai ba, sun sauka ne a hannun mai masauki, wanda ya san gari, ya san sarki, ya tsaya musu idan magana ta taso. A Delhi babu Sarkin Hausawa da za a kai wa kuka. Abin da ya yi kama da shi su ne ƙungiyoyin ɗaliban Afirka da na 'yan Najeriya, da ofishin jakadancinmu, kuma ya kamata duk mai zuwa ya san su tun kafin ya buƙace su. Idan ana tara gudummawar jinya a masallaci, masu tarawa su tambaya: takardar asibitin daga asibitin ta fito ko daga ejan? An yi magana da likitan kai tsaye? An ware kuɗin zama da na dawowa? Idan yaro ne zai tafi karatu, a tabbatar hukumar jami'o'in Indiya ta san makarantar, kuma kuɗin shekara biyu aƙalla yana ƙasa, ba a bakin wani kawu ba. Biza kuma a nema ta ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas, da sunanka da dalilinka na gaskiya.

Mutane da yawa sun je Delhi a kan keken marasa lafiya sun dawo da ƙafarsu. Wasu sun dawo da digirin da suke ci da iyalinsu da shi yau. Kusan dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: sun tafi da takarda mai kyau, da kuɗin da ya isa, da ranar dawowa. Wanda bai haɗa waɗannan ba tukuna, ya ƙara haƙuri ya ci gaba da nemansa a inda yake, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare matafiyanmu.